Yadda Za Ka Zama Gwanin Sharhin Shirin da Ba Ka Kalla Ba

Ranar wata Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fake a shagon tura fina-finai a waya da ke bakin layinmu. Na tarar ana musu kan wani shiri mai nuna duniyar gobe, inda na'ura ta hau kan kowa. Kafin ruwa ya tsagaita na fi kowa baki, har mai shagon, Dogo, ya ɗauke ni aikin ba kwastomomi shawarar abin kallo. Ni kuwa ko minti ɗaya ban kalla ba. Wanda ya kasa zaman aji, ina zai iya zaman fim?

Umma ta ce in na bar wannan aikin ma, sai dakon siminti a shagon Kawu. Dole ta sa na ƙware. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za a riƙa matsa maka kujera.

1. Fara da ajiyar zuciya

Da an ambaci shirin, kada ka yi magana. Girgiza kai, ka dubi wayarka kamar ita ta cuce ka, ka ce, "Hmm, duniya." Mai ilimi ba ya gaggawa, balle wanda ba shi da shi.

2. Haddace maganar da ba ta ƙarya

"Wannan ai ba fim ba ne, rayuwarmu ce." Ta shiga kowane kashi. In an matsa, ƙara da, "Ƙarshen ne ya kashe ni." Irin wannan shiri ba ya ƙarewa da biki, saboda haka ba za ka taɓa faɗuwa ba.

3. Ci da bakin wasu

Tela na kusa da mu ya rantse babu kamar kashin da firji ke kai ƙarar maigida in ya ci abinci fiye da kima. Wani direba da ke yawan zama a shagon kuma ya ce shirme ne, kashin garin da aka sa wa dariya haraji shi ne magana. Da safe sai ka sayar wa direba ra'ayin tela, da yamma ka sayar wa tela na direba. Kowa zai yi fushi, kuma wanda ya yi fushi da kai ya yarda ka kalla.

4. Raina sabon zango

Ko jiya ya fito, ka ce, "Sun lalata shi, na farko ya fi." Ba a taɓa korar kowa daga zance kan wannan ba.

5. Kada ka kuskura ka ambaci jarumi

Nan ne ramin. Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da wayarta ta ce, "Ƙanina, wanne zan fara da shi?"

Shago cike, baki ya yi mini daɗi. Na ce, "Anti, ki dai bi jarumin nan a hankali. Tun kashi na ɗaya yake shan wuya, sai a na ƙarshe yake ramawa."

Tela ya cire allura daga bakinsa. "Wane jarumi?"

"Jarumin mana."

Dogo ya juyo daga kan kwamfuta. "Kai, kowane kashi fa labarinsa daban, mutanensa daban. Na kashi na ɗaya firji ya sa aka kama shi, ba a sake ganin ƙeyarsa ba."

Gwani ba ya ja da baya. Na ce, "Ai nan zurfin yake, Maigida. Yana nan a ɓoye, sai mai ido."

Direba ya riƙe ciki. "Wallahi da a garin haraji muke, yau ka talauta ni!"

Anti ta ce, "Ku bar shi, wataƙila shi ne jarumin. Tun ɗazu yake shan wuya."

6. In an ba ka dama, san kanka

Dogo mutumin kirki ne. Ya jawo kujera, ya kunna kashi na ɗaya, ya ce, "Zauna ka kalli wannan kaɗai har ƙarshe, aikinka na nan."

Na zauna. Wani mutum ya buɗe firji. Ya rufe. Ya tsaya yana kallon bango. Ƙafata ta fara rawa, ƙeyata ta fara ƙaiƙayi, na ji babur ya wuce a waje, raina ya bi shi. Na ce zan zaga in dawo. Har yau suna jira.

7. Sauya masu sauraro

Wurin Kawu babu wanda ya san shirin. Da na sauke buhu na ce, "Wannan ai ba aiki ba ne, rayuwarmu ce," sai ka ga 'yan dako suna gyaɗa kai. Ka ga ke nan dabara ba ta mutu ba.

Abin da aka rasa bai taka kara ya karya ba: aiki ɗaya, kujera mai jingina, iskar fanka, hular da na bari a kan kwamfuta, da hanyar bakin layi, don yanzu ta baya nake zagayawa saboda tela.

In ka bi matakan nan ka wayi gari da buhu a ka, babu ruwana, babu hannuna. Ni ma ban karanta su har ƙarshe ba.