Ranar da Na Je Ƙure Baban Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a 'yar majami'armu ta masu jin Hausa da ke unguwar Rumuokoro, can kudu. Ina neman auren Rifkatu, babanta kuwa, Baba Ayuba, shi ke jan nazarin Littafi Mai Tsarki. Tsohon maigadi ne, ko firamare bai gama ba. Ni mai digiri, raina shi nake yi a ɓoye, sai na ƙudurta in nuna masa irin surukin da zai samu.

Makamina wani saƙo ne da aka turo mini a waya (ban buɗe Littafin na duba ba, ai sai marasa boko). Na sauka daga acaɓa ina hura hanci, ana fara nazari na ɗaga hannu.

"Baba, akwai tufka da warwara a labarin raba ruwa. Wani wuri an ce da sanda aka raba ruwan, wani wuri ƙafafun firistoci, wani wuri kuma alkyabba. Wanne za mu kama?"

Har na saci kallon Rifkatu don ta ga aiki.

Ashe na manta ƙa'idar wurin: mai tambaya shi ke fitowa gaba ya karanta ayoyinsa da ƙarfi, tun daga farkon babi. Baba ya miƙo mini nasa Littafin, wanda bangonsa ya sha salatif. Na yi ta lalube, sai da wata tsohuwa ta taso ta buɗe mini. Na farko, Musa ne a Bahar Maliya. Na biyu, Joshuwa a Kogin Urdun, bayan shekara arba'in. Kafin in kai kan Iliya gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

"Ɗana," in ji Baba, "mutum uku ne, kowa da zamaninsa. Kai ne ka cusa su a kwalekwale ɗaya."

Matan zumuntar majami'a suka bushe da dariya. Rifkatu ta rufe fuska da ɗankwali. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bakin ƙofa Baba ya dafa kafaɗata. "Ka karanta daga littafin Fitowa har Sarakuna na Biyu, ka zo in yi maka tambayoyi. Sannan ka turo magabatanka."

Wata bakwai na yi ina karatu, sau biyu ina faɗuwa. Yanzu kafin in ƙure mutum, nakan fara tambaya ko yana da 'yar da nake so.