Ƙwallon Ciyaman Nababa

To ai ku da ba ku zauna a estet ɗinmu na Lugbe ba, ba ku san abin da ake kira babban mutum ba. Mu Allah ya ba mu Ciyaman Nababa, shugaban mazauna estet. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata can cikin gari, kada ku tambaye ni wacce. Ilimi ya yi masa yawa har yana zuba. Sannu kawai za ka ce masa, sai ka tafi da lacca. Ofis suka tura shi kwas birnin Chicago na Amurka, ya dawo da hula mai dogon baki, da wata farar ƙwallo mai jan ɗinki kamar an yi mata tiyata, da wani ciwo da har yau ba a samo maganinsa ba. Sunan ciwon besbol. Wasa ne da wani zai jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda, sai a yi ta gudu. Tun daga nan muke kiransa Baban Chicago.

Ni Rekiya, awara nake soyawa a gindin darbejiyar bakin filin estet. Da yamma su Lukmanu, ƙartin unguwa, suna buga ƙwallon ƙafa, 'yan kallo su taru, ni in sayar. Da kaskon nan nake ci, da shi nake riƙe mamata. Babu fili, babu ni.

Ranar miting ɗin mazauna estet Baban Chicago ya zo da ƙwallonsa a cikin akwatin gilas, ya ajiye kan tebur, ya gyara murya.

"Jama'a, al'ummar da ba ta san tarihin filin besbol ba, ba ta fara tafiya ba. Da katako aka fara. Daga nan ƙarfe da kankare. Daga nan rufi. Mu ma haka za mu bi, mataki-mataki, a filinmu na nan. Kuma ku ji wayewa: a can, in ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo, wanda ya cafe, tasa ce har abada. Ko shugaban ƙasa bai isa ya karɓe ba!"

Aka yi tafi. Dole a yi, shi ya sa aka gyara mana taransifoma.

Sai ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Wayayyen fili kuma ba ya tafiya da hayaƙi. Masu suya, ranar buɗewa ita ce ranarku ta ƙarshe."

Masu suya wai. Ni kaɗai ce fa a wurin.

Washegari aka tuge ragar su Lukmanu. Mota ta kawo katako daga Idu, kafinta ya buga bencinan 'yan kallo hawa-hawa. Baban Chicago ya hau na sama ya zauna shi kaɗai, yana kallon fili babu kowa, yana gyaɗa kai. Ba a daɗe ba wani ya cinna wa bola wuta a bayan bencinan, iska ta yi aikinta. Kowa ya juyo yana harara kaskona, alhali ranar ina Wuse wajen sayen waken suya. Muka zaci Ciyaman zai suma. Ina! Ya tsaya kan toka, fuska sai annuri.

"Alhamdulillah! Haka na katako suka riƙa ƙonewa a Amurka. Mun gama mataki na farko."

Kun ji mutum. Wani gobara ke yi masa asara, shi ƙarin girma take yi masa.

Aka shiga zamanin kankare. Matakala ta siminti, da katanga a ƙarshen fili. Ya ce a Chicago akwai katangar da ganye ya lulluɓe, don haka ya sa aka shuka soso a gindin tamu. Akuyoyin maigadi suka yi godiya. Matakalar kuwa ta yi kyau, ba ƙarya. Madam Prudence mai sayar da lemo ta samu wurin shanya tattasai.

Sai rufi. Ya ɗauko kanofin biki, aka haɗa da tamfol, aka lulluɓe tsakiyar fili. 'Yar ciyawar da muke da ita ta yi rawaya, ta mutu. Ya zo ya tsuguna, ya shafa ta kamar mai ta'aziyya, ya miƙe yana murna.

"Houston! Wallahi sak filin birnin Houston! Su ma da suka yi rufi ciyawa ta mutu, shi ya sa aka ƙirƙiro ta roba."

Aka shimfiɗa koren kafet irin na wurin biki. Ruwan farko na damina ya zo da iskar nan ta Abuja da ba ta san darakta ba, ta ɗauke kanofi da tamfol gaba ɗaya, sai a bayan katangar wani estet aka tsinto su. Kafet ya bi kwata. Muka fito mu ga yau kuma me zai ce. Ya ɗaga kai ya kalli sama.

"Na zamani ma rufinsu buɗewa yake yi."

Ni dai dariya ta sa na ƙona awara rabin kasko.

Abin da ya rage: ƙasa, toka, matakalar shanya tattasai, da katangar da akuya ta lashe. Shi ne ya tara mu ya ce mu yi murna, abin da ake yayi a can shi ne sabon fili mai kama da na da. Wato mun yi tafiyar shekara ɗari a 'yan watanni, mun iso inda muka tashi. Kuma duk wannan, ko sau ɗaya ba a jefa ƙwallo ba.

Ranar buɗewa na hura wutata ina jin kamar in yi kuka, don na san ta ƙarshe ce. Estet kaf an fito. Ciyaman ya ce al'ada ce babban mutum shi ke jifan farko, ya duba hagu ya duba dama, bai ga wanda ya kai shi ba. Ya shigo da babbar riga da hular nan mai baki. Sandar bugu kafinta ya sassaƙa, ta fito kamar muciyar tuwon biki. Aka miƙa wa Lukmanu, wanda tun ranar da aka tuge masa raga bai yi dariya ba.

Baban Chicago ya buɗe gilas, ya ɗauko ƙwallo da hankici. Ya ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar yadda ya gani a can, riga ta harɗe shi, ya yi tangal-tangal, ya dai jefa. Lukmanu ya tattara haushin wata da watanni ya maka mata. Ƙau! Na ga abu fari ya nufo kaskona. Ni ba don wasa ba, don kada mai ya fallatso min, na ɗaga kwandon tsame awara. Ƙwallo ta faɗa ciki.

Sai Madam Prudence ta ƙwala ihu, "Tata ce! Oga da bakinsa ya faɗa!" Fili ya ɗauka, tata ce, tata ce.

Ciyaman ya taho yana murmushin dole. "'Yata, kawo mu ci gaba da wasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko shugaban ƙasa fa ka ce."

Lukmanu ya ce, "Oga, a kawo ta biyu mana."

Babu ta biyu. Ita ke nan a duk Lugbe. Wasan besbol na farko a tarihin estet ɗinmu ya tashi a jifa ɗaya.

Yanzu tana ɗakina cikin kwanon yaji, ta yi ja, tana ƙamshi. Ba wanda ya sake cewa in tashi. Ragar su Lukmanu ta dawo, Ciyaman ya ce ai a tarihi akwai zamanin fili ɗaya wasa biyu, shi ne ya manta ya tsallake. Kullum da yamma sai ya zo gindin darbejiya wai duba fili, ya tsaya cikin hayaƙin da ba ya tafiya da wayewa, ya ci awara, ya kira ni Hajiya Rekiya, ya ce gilas ɗinsa babu kyau haka wayam.

Har tausayi yake ba ni, wallahi. Amma mutumin da gobara ba ta hana shi ba, iska ba ta hana shi ba, ranar da ƙwallon nan ta koma hannunsa, ina ni ina gindin darbejiya? Ku faɗa min tsakaninku da Allah, in ku ne, za ku mayar masa?