Ranar da Na Girgiza wa Lefen Hadiza Kai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Hadiza, 'yar ƙanina, ba, domin saura ƙiris in wargaza auren yarinyar nan ban ce uffan ba.

Bari in ɗan koma baya. Na daɗe ina fama da jiri. Mai keke ya danna hon a titinmu na Tudun Wada, sai in ga shaguna sun karkace. A yi guɗa kusa da ni, sai dai a ɗago ni daga ƙasa. Muryata kuwa ji nake kamar ina magana cikin randa. Na daina zuwa biki gaba ɗaya, dangi suka ce girman kai ne ya same ni tun da na yi ritaya. Sai da aka ɗauki hoton kaina a asibiti likita ya gano wani siririn ƙashi can cikin kunnena yana da 'yar huda, shi ya sa ƙara take jirkita ni. Ya ce akwai tiyata, amma in fara gwada sashen motsa jiki.

A can na haɗu da Madam Rahila, wata ma'aikaciya 'yar Wusasa, mai fara'a amma ba ta ɗaga ƙafa.

"Hajiya, ni ba zan toshe hudar nan ba," in ji ta. "Amma zan koya wa idanunki da ƙafafunki yadda za su riƙe ki."

Ta sa na manna takarda mai babban harafi a bango, in kafe shi da ido ina girgiza kai hagu da dama. Ta sa ni tafiya diddige na taɓa yatsa, da tsayuwa kan katifa ido a rufe (jikokina sun sha kallo kyauta). Ta kuma ja min kunne: "In jiri ya kama ki a waje, kafe ido kan abu ɗaya da ba ya motsi, ki ja numfashi. Girgiza kan nan na gida ne kawai."

Na ji. Wallahi na ji.

To, ranar lefe ni ce babbar gwaggo, dole ni zan karɓa. Dangin ango suka iso daga Tudun Jukun, Hajiya Laraba, yayar uban ango, tana gaba. Aka jere akwatuna a tsakar gida, na miƙe tsaye zan yi musu barka da zuwa, aka buɗe na farko. Sai Inna Talatu maƙwabciyarmu ta saita bakinta daidai kunnena ta rangaɗa guɗa.

Nan take gidan ya fara juyawa. Na ce a raina, yau ba zan faɗi gaban baƙi ba. Na kafe ido kan wata shuɗiyar atamfa da ke saman akwatin, na ja numfashi. Sai dai wuyana ya riga ya saba: da ido ya kafe, kai ya fara aiki. Ga ni tsaye, fuska a murtuke, leɓe a cije, na zura wa atamfar mutane ido ina girgiza kai a hankali, hagu, dama, hagu, dama.

Ban san tsakar gidan ta yi tsit ba. Ni dai ina ta murna a zuci, ƙasa tana komawa wurinta, ƙafafuna ba su ko gusa ba.

"Hajiya," na ji muryar Hajiya Laraba a sanyaye, "in kayan ba su yi muku ba, ai sai a faɗa da baki. Ku rufe akwatin."

Ni kuwa da jirin ya sake ni, sai na ɗaga hannu sama na ce da ƙarfi, "Alhamdulillahi! Ban faɗi ba!"

Wata cikin baƙin ta ce, "Ikon Allah. Har munin kayan ya kai a faɗi?"

A nan na gane abin da na aikata. Kunya ta rufe ni, ga Hadiza tana leƙe ta taga ido ya cika da hawaye. Na durƙusa gaban Hajiya Laraba na kama hannunta.

"Yaya, ki yafe ni. Wallahi atamfar nan ce ta riƙe ni."

Na kwashe labarin ƙashin kunnena na ba su, har na tashi na gwada musu tafiyar diddige tsakanin akwatuna. Hajiya Laraba ta yi dariya har da share ido da gefen mayafi, sannan ta sa aka buɗe sauran. Inna Talatu ta sake shirin guɗa, na ce ta matsa can bakin rijiya tukuna.

Ranar kamu na shiga fili, kiɗa na dukan ƙirji, na taka rawa a gefen amarya, na fita da ƙafafuna ba wanda ya riƙe ni. Da na ba Madam Rahila labari sai da ta dafa bango don dariya, ta ce ba ta taɓa samun ɗalibar da ƙwazonta ya yi yawa haka ba.

Har yau ina atisayena kowace safiya. Amma na koyi abu ɗaya: in jiri ya kama ni a taro, bango nake nema in kalla. Shi ba shi da dangin da za su yi fushi.