Sarkin Jifa da Ƙwallo ta Takwas

Farkon da Hafiza ta ji sunan Sarkin Jifa, tana aji uku na sakandare a Gumel, kuma a bakin kakarta ta ji shi. Tsohuwar ta ajiye waya ta shaida wa jikokinta cewa kawunsu Ma'aruf ya shiga lig a Amurka, har an ba shi sarauta. Kafin la'asar duk unguwa ta san autan Hajiya yana buga ƙwallo a ƙasar waje, yaran layi suka fara zuwa gaishe ta ko za a aiko musu da riga. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda mai shekara hamsin ba ɗaya, da tumbi kamar randa, yake tsere a fili. Abin alheri ba a cika yi masa bincike ba.

Sai da ta gama makaranta, aka turo ta birnin Greensboro ta zauna a gidansa, sannan ta ga ƙwallon da idonta. Ba ta ƙafa ba ce. Wata aba ce mai nauyin dutsen niƙa, da ramuka uku na saka yatsu, a gangara ta a kan doguwar hanyar katako ta je ta kayar da wasu sanduna goma masu siffar kwalabe. Bolin ake kiran wasan.

To, a faɗi gaskiya, Alhaji Ma'aruf mutum ne da Allah ya yi wa baiwa. Duk faɗin titin Wendover Avenue babu mai rigar wasa irin tasa, wadda aka ɗinka wa SARKIN JIFA a baya da zaren gwal. Sarautar ma shi ya naɗa kansa, don ya hutar da jama'a wahalar zaɓe. Yana da takalman wasa, da safar hannu, da tawul na goge ƙwallo daban da na goge gumi. In ya tashi jifa yakan tsaya ya lumshe ido har na bayansa su gama shan shayi, ya yi taku huɗu na ƙasaita, ya saki, ya bar hannunsa a sama kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Abin da ke faruwa bayan nan ƙaramin al'amari ne. A kowane gefe na hanyar katakon akwai kwata, wadda aka tanada don jifan da ya kauce. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, shi kuwa na Alhaji kwata yake faɗawa. Shi ya sa abokan wasansa, in ya juya baya, suke gyara masa sarautar zuwa Sarkin Kwata.

Ƙwallayensa bakwai ne, a jere cikin kabad ɗin gilashin da a da Anti Zahara, matarsa, take adana kwanukanta. Kowace da sunanta, kowace da laifinta. Guguwa tana karkata hagu. Gagara Badau ba ta son sanyi. Ƙanƙara kuwa, a cewarsa, tun daga kamfani aka yi mata baki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Ranar da Hafiza ta sauka, tun ba ta kwance akwati ba, ya tsayar da ita gaban kabad ɗin ya yi mata jawabi.

"'Yata, akwai abin da ake kira handikaf. Maki ne da lig take ba ɗan wasa tun kafin ya taɓa ƙwallo. Ki je ki tambaya, mutum arba'in ne a lig ɗin nan, da 'yan Ghana da 'yan Nijar da Buzaye, babu wanda handikaf ɗinsa ya kama ƙafar nawa. Ba ni na roƙa ba. Kwamfuta ce ta duba ta ba ni."

Hafiza yarinya ce mai ɗaukar maganar manya da muhimmanci, don haka ta je ta tambaya. Aka ce mata ai tallafi ne, wanda ya fi kowa rauni shi ake ba wa mafi yawa. Ta haɗiye abinta. Ba ita za ta gaya wa gwano warin jikinsa ba.

Mutum huɗu ne a ƙungiyar da Alhaji yake bugawa, kyaftin ɗinsu Moutari, wani direban babbar mota ɗan Maraɗi mai haƙurin raƙumi. Shekara uku yana haƙuri. Lahadin ƙarshe kafin lig ta tafi hutun azumi ya ja Alhaji gefe ya gaya masa, cikin ladabi, cewa ƙungiya ta gaji da zama a gindin teburi. Wasan farko bayan Sallah, in bai ci maki ɗari da hannunsa ba, ban da na kwamfuta, kujerarsa ta koma hannun Jafaru, wani ɗalibin jami'a da ya daɗe yana zaman benci. Alhaji ya dawo gida ya tsaya gaban kabad ya daɗe yana kallon bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yanke hukunci irin na manya: dukkansu sun ci amanarsa, ta takwas za a nemo.

Ya zaɓi ranar ashirin da bakwai ga azumi, don albarkarta. Bayan azahar ya ɗauki Hafiza, ita ce mai ɗaukar hoto, suka nufi wani ɗan shago da ke cikin gidan wasan bolin. Mai shagon wata dattijuwa ce baƙar fata, Zipporah, wadda ta shekara talatin tana huda ƙwallaye daidai da yatsun masu su. Ta sa ya yi jifa biyu tana kallo, sannan ta ɗauko wata baƙar ƙwallo marar ado mai laba goma sha uku, ta ce wannan ce daidai hannunsa, za ta riƙa tafiya miƙe ko da shi bai miƙe ba.

Alhaji ya dubi ƙwallon kamar an miƙo masa tuwon jiya. Ya tambayi wadda ta fi kowace nauyi a shagon. Aka ce laba goma sha shida, doka ba ta yarda a wuce nan ba. Ya nuna takaicinsa ga dokar, sannan ya nuna wata koriya mai ratsin gwal da ke can saman kanta.

"Hafiza, ki fassara mata da kyau, kada Turancina ya yi mata nauyi. Ki ce mata mu a gidanmu ba a ba namiji kayan yara. Kakana buhun gero yake ɗauka da hannu ɗaya yana gaisawa da ɗayan. Waccan nake so. Sunanta Aradu."

Zipporah ta sauko da ita, ta kama hannunsa za ta auna. Nan ta tsaya. Ta ga zobensa na azurfa yana yawo a yatsa, ta ga sawun inda ya saba kamawa. Ta tambayi Hafiza ko azumi yake yi, don tana da masu sayayya Musulmi, ta san yadda hannu yake zubewa a watan. Ta ba da shawara a bari sai ya yi mako guda yana ci yana sha, sannan a auna, tunda rami in an huda shi ya hudu. Alhaji ya ce shi yatsansa ba balan-balan ba ne da zai riƙa hawa yana sauka. Ya ƙara da cewa a matse ramin babban yatsa sosai, shi ba ya son abu sako-sako. Dattijuwar ta dubi Hafiza, Hafiza ta dubi ƙasa. Aka huda.

Sallah ta zo, Alhaji ya rama wa cikinsa kwana talatin cikin kwana biyar. Ya ci waina da miyar taushe a gidansa, ya ci gasasshen rago a gidan wani likita a unguwar Sedgefield, ya ci kilishin da aka aiko daga Maraɗi a gidan Moutari kansa, da yaji da gishiri kamar ba gobe. Ranar Alhamis Anti Zahara ta sa sabulu kafin zoben ya fita. Hafiza ta yi ƙarfin hali ta ce ko Kawu zai gwada Aradu kafin Lahadi. Ya ce takobi ba a zare shi don gwaji. Aradu ta ci gaba da kwanciya cikin farin tawul, ana yi mata turaren wuta.

Ranar Lahadi da yamma gidan wasan ya cika, har da matan da ba su saba zuwa ba, don Alhaji ya bi gida-gida da gayyata. Aradu kaɗai ya zo da ita, sauran bakwai ya bar su a kabad su yi nadama. Da aka kira sunansa ya buɗe tawul a hankali, ya ɗaga ta sama jama'a su gani. Ya saka yatsu biyu, suka shiga da ƙyar. Babban yatsa ya tsaya a bakin rami. Ya waiga, ya ga ido a kansa, ya ga Jafaru a benci yana ɗaure igiyar takalmi. Ya cije leɓe ya murɗa shi ciki da ƙarfin tsiya.

Ya lumshe ido. Ya yi taku huɗun nan na ƙasaita. Ya wurga hannu gaba ya saki Aradu, ita kuwa ba ta sake shi ba. Laba goma sha shida ta yi gaba, Sarkin Jifa ya bi bayanta. Ya tsallake layin da ba a tsallakewa, ƙararrawa ta yi ƙara, takalmansa suka hau man da ake shafa wa katakon, ya tafi da rub da ciki yana sulalewa, zaren gwal na sama. Da ya tsaya, ƙwallon tana cikin kwata, hannunsa na cikin ƙwallon.

Ba wanda ya yi dariya da farko, don mutum ne babba. Wani ɗan Ghana ne ya fara, a can baya, sai kowa ya samu hanya.

Mutum uku suka janyo shi ta ƙafa. Anti Zahara ta ciro man kaɗanya daga jakarta, Zipporah ta fito daga shago ta riƙe ƙwallon tsakanin gwiwoyinta, ba ta ce ai na faɗa ba, wanda ya fi faɗar ciwo. Da yatsan ya fito ya koma kamar dankalin Hausa, babu ramin da zai shiga a duk gidan. Jafaru ya tashi ya ɗauki wata tsohuwar ƙwallon haya da kowa ke taɓawa, ya kayar da tara a jifan farko.

Bayan wasa Moutari ya tara ƙungiya. Ya fara da ɗan Faransancinsa, ya ce, "Bon, Alhaji, mun yi shawara. Mutum irinka ya wuce a bar shi yana wahalar jifa. Daga yau kai ne uban ƙungiya." Alhaji ya karɓa da hannun hagu, ya ce dama ya daɗe yana jiran su gane.

A hanyar gida Hafiza ce ta tuƙa, shi yana gefe da yatsa cikin kofin ƙanƙara, Aradu a kan cinyarsa. Ya san ita ce mai rubuta wa dangi labarin gidan duk Juma'a, kuma ya san ba ta iya ƙarya ba. Da suka shigo layinsu sai ya gyara murya.

"'Yata, ba zan ce ki ɓoye komai ba. Alfarma ɗaya nake nema. In kin zo wurin, ki rubuta yadda abin yake: kowa a Amurka shi yake riƙe ƙwallo, ni kaɗai ne ƙwallo ta riƙe."