Daɓen da Mai Akwatin Gawa Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai huce ba, Doña Nubia Arboleda ta unguwar Chipre a birnin Manizales ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar daɓen katakon ɗakinta na ƙasa. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da la'asar, yana da wata goma sha huɗu a duniya, bayan doguwar jinyar da bai yi ta cikin shiru ba.

Marigayin ɗan asali ne. Falle-falle aka manne shi tun daga masana'anta, fuskarsa ta itace mai daraja, launin zuma. Aka sauko da shi matakala goma sha shida, aka shimfiɗa shi a kan siminti saboda rawar tango da tsofaffin unguwa ke yi kowace Alhamis. Tun mutuwar mijinta, wannan yammacin ne kaɗai Doña Nubia ke shafa jan baki. Marigayin bai taɓa raina ƙafar kowa ba. Ya ɗauki mai sanda, ya ɗauki mai tumbi, ya ɗauki abokin rawarta Don Arcesio, tsohon direban bas mai shekara saba'in da biyar, kuma wata biyar cur ba a ji ko tarinsa ba.

Da damina ciwon ya fara. Ɗan ƙis-ƙis ne a bakin ƙofa, sai ya zama ƙiiiƙ a tsakiyar ɗaki, daga baya tas! kamar an karya kara. Ba irin maganin da ba a gwada ba. An zuba masa hoda a tsakanin falankai, ya yi shiru kwana biyu. An kunna masa fanka. An ɗura masa gam. An ƙara sautin kiɗa don a rufa masa asiri, ya fi kiɗan murya.

Wanda ya shimfiɗa shi, wato Libardo mijin ƙanwarta, an kira shi dubiya har sau uku. Ya taka nan, ya taka can, ya ce, "Yaya, katako ne, zama yake yi. Ki dai rage wa baƙinki arepa, wainar masarar nan, kowannensu ya yi buhu biyu." Da ya fita kuma ya baza a unguwa cewa ita ce ke jiƙa shi da tsumman goge-goge safe da yamma. Wannan magana ta fi komai ƙona mata rai, don ko digo ba ta taɓa bari ya kwana a kansa ba.

Ranar ajali, marigayin ya kumbura ya yi tudu a tsakiya. Don Arcesio na cikin juya ta, ƙafarsa ta harɗe, ya faɗi, ƙugunsa ya karye. Likita ya ce zai yi tafiya, amma shi da rawa sai dai kallo. Tun daga ranar ba wanda ya sake saukowa ta matakalar nan.

Wata ƙwararriyar mai aikin daɓe, Señora Yolima, ita ta binciki gawar. Ta ɓamɓare siririn katakon gindin bango, ta nemi inda za ta sa yatsa, ko bakin wuƙa bai shiga ba. Alhali takardar da ke cikin kowane kwalin da katakon ya zo a ciki ta ce a bar faɗin yatsa tsakanin daɓe da bango, don katako ya samu wurin miƙewa in ya sha danshi. Ta ɗaga falanki ɗaya, babu ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi, siminti na ta zufa. Ga ƙusoshi har guda tara a daɓen da ba a buga wa ƙusa.

"Doña, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Mijin ƙanwata."

"Meye sana'arsa?"

"Akwatin gawa."

"Shi ya sa. Ai ya rufe shi ruf yadda ya saba."

Da aka tunkari Libardo, ko gezau. Ya ce barin tsaga aikin ragon kafinta ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. "Shekara arba'in ina wannan aiki, Yaya, ba wanda ya taɓa dawowa ya yi mini ƙorafi." Ledar kuwa tana nan lafiya lau a rufin akurkin kajinsa.

Marigayin ya rasu ya bar madubi ɗaya, kujeru goma sha biyu da babu mai zama, takalmin rawa ƙafa ɗaya a cikin kwalinsa, da Dioselina ƙanwar Doña Nubia, matar Libardo, wadda kullum sai ta bugo waya ta ce a duba zumunci. Doña Nubia ta duba. Kewar Alhamis ɗinta take yi ƙwarai, kuma ba ta yafe ba.

Za a ɗauko gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Amalanke zai bi ta ƙofar shagon Libardo a hankali, ya ɗan tsaya a huta, sannan ya tsallaka titi zuwa shagon Don Gildardo, kafintan da suka shekara ashirin ba sa ga maciji da juna. Ba za a binne marigayin yanzu ba. Da falankan da suka fi ƙara Don Gildardo zai ƙera wa Doña Nubia nata akwatin, an kuma roƙe shi kada ya yi musu magani. Libardo, wanda ba a taɓa binne ɗan gidan Arboleda a akwatin da ba nasa ba, yana iya neman mai sayen katakon al'ul ɗin da ya daɗe yana alfaharin ya ajiye mata.

Ana karɓar gaisuwa a gida, akwai kofi. Doña Nubia ta kuma rubuta a gaban lauya cewa in tata ranar ta zo ba a buƙatar mota. A kafaɗa za a ɗauke ta tun daga Chipre har maƙabarta, kuma Libardo ne zai riƙe kusurwar gaba ta dama, kunnensa a jikin katako. Ana roƙon masu rakiya su yi tafiyar a hankali, kuma kada a yi waƙa.