Batirin Oga a Cikin Firji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙi suka zo ofishinmu daga Abuja ba, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. A ƙarshen shekarun 1990 ne, ina akawu a wata ma'aikata a Jalingo. Daraktanmu ya dawo daga taro da laftof, irin mai nauyin nan kamar bulo, ya damƙa mini ita saboda na yi kwas na kwamfuta na wata uku (wata biyu a ciki zazzaɓi na yi, amma ban faɗa wa kowa ba).

Mista Bulus, mai kula da sito, shi ya ja ni gefe. Ya ce, "Aboki, zafin Jalingo zai kashe batir ɗin nan. Ka cire shi, ka ajiye wurin sanyi, zai daɗe."

Na ji maganar ta shiga. Na cire batirin, na naɗe a leda, na kai firjinmu na gida a unguwar Sarkin Dawaki. Ita laftof na ci gaba da aiki da ita a soket. Sati uku ina tafiya da ƙirji a buɗe.

Ranar da baƙin suka zo duba rahoton rijiyoyin garin Mutum Biyu, Oga ya shafa laftof ya ce, "Wannan ko an ɗauke wuta ba ruwanta, da wutarta take yawo."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Allon ya yi ɗif.

Oga ya dube ni. Ya kifa laftof da kansa, ya ga rami.

"Ina batirin?"

"Yana firji, Yallaɓai."

"Yana ina?"

Sai da na maimaita, a gaban mutum tara.

Na hau acaɓa na garzaya gida. Ashe matata ta ga ƙullin ya tare mata wurin zoɓo, ta mayar da shi sama, wajen ƙanƙara, ƙarƙashin kifi. Ta ce, "Baban Hajara, ai na ɗauka hanta ce." Da muciya muka ɓamɓaro shi.

Na dawo da shi yana ɗiga, yana ƙarni. Wata baƙuwa ta toshe hanci da gyale. Aka goge, aka saka, laftof ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Baƙin suka tashi ba su ga rahoto ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Bulus ne ya fi kowa dariya, har da dukan tebur. "Ni sanyi na ce maka! Na ce ka yi miya da shi?"

Washegari aka mayar da ni kan tafireta, kuma har na bar ma'aikatar, Injiniya Ƙanƙara ake kirana, har masinja.

Na dai koyi darasi: in za ka adana kayan Oga, ka fara tambayar Oga, sannan ka sanar da matarka. Kuma in mai sito ya ba ka shawarar kwamfuta, ka sa ya rubuta ya sa hannu.