Rasuwar Uwar Ɗaki a Ƙasan Jirgi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ake sanar da rasuwar Uwar Ɗaki, jitar saurayin nan da innarsa ke kira Ƙafar Yawo. Ta cika a sararin sama, a ƙasan jirgi, tsakanin akwatunan mutanen da ba su san ta ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Tun ranar da ya bar makaranta take goye a bayansa. Ta bi shi garejin kanikawa, ta bi shi wankin mota, ta bi shi gadin shagon da bai yi wata a ciki ba, ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai yi hankali ba. In ya dawo ransa a ɓace, "tirin, tirin" kawai take cewa. In an kore shi daga aiki, ta ce "dummm".

Ba ta yi jinya ba. Aikin gini ya samu a wata ƙasa inda bai san kowa ba. Ana gobe tafiya ya zauna ya ɗaure tsirkiyoyinta tamau, don yana sauka ya tarar da muryarta a shirye. Bai san sassauta su ake yi in za a hau jirgi ba. A ƙofar jirgi aka ce babu wurinta a sama. Ya naɗe ta da rigunansa kaf, har da ta sanyi, ya miƙa ta.

Rigunan sun iso lafiya. Ita kuwa, da sanyi da jijjiga da jan tsirkiya suka haɗu, wuyanta ya karye.

Ta bar tsirkiyoyi shida, biyu a tsinke, da jakarta mai mataccen zif, da waƙa guda da ba a ƙarasa ba, sai shi.

Za a kwantar da ita a ƙarƙashin gado bayan an tashi daga aiki, a ɗakin ƙarshe kusa da matakala, mai tagar da ke kallon bango. Ba a buƙatar komai daga masu ta'aziyya. Ba sai sun iya kiɗa ba, ba sai sun ji yarensa ba. Kujera ɗaya ce a ɗakin, kuma ya bar wa baƙo ita. Ƙofar a buɗe take tun ranar da ya iso.